Gonar Baba ta Rawayau

Litinin da dare, Dutsin-Ma

Yau aka yi zama na shida a kotun Kurfi kan gonar Baba ta Rawayau, kuma shi ne na ƙarshe. Shekara ashirin ina koyar da dokar shaida a jami'a, ga ni gaban alƙali ba shaida ko ɗaya. Dattawan da Baba ya ba ni gonar a gabansu duk sun rasu. Alƙali ya ce tunda Yaya Sani ke musu, rantsuwa ta hau kansa.

Ya fita ya yi alwala, ya dawo hannu a jiƙe. Yana wurin ranar da Baba ya yi kyautar, ni da shi duk mun sani. Da aka ɗauko Alƙur'ani na ga ya miƙa hannu zai dafa.

Na miƙe na ce, "Allah gafarta Malam, na janye. Na bar masa."

A bakin kotu Yaya Sani ya ce, "Farfesa, da ka bari da na rantse."

Na ce, "Na sani, Yaya. Shi ya sa."

Duk jikina ciwo yake. Gobe ƙarfe takwas ina da aji, kuma darasin rantsuwa ne.