Sikelinmu a Hannun Alhaji Tanko

Kibiya, Laraba da dare, watan Sha'aban

Yau aka yi gwanjon kayan ƙungiyarmu ta manoman gyaɗa a Rano, kamar yadda kotu ta yanke. Laifinmu, wai shekara uku ba mu yi taro ba. Mu da muke zama kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci! Rubutawa ce kawai ba mu yi ba, shi ke nan alƙali ya ce a rushe ta.

Buhuna da tabarmi ba su dame ni ba. Sikelin ne ya tsaya mini a rai. Ni na ɗauko shi a kan jakina har Kibiya, ranar da muka rantse mun daina kai wa Alhaji Tanko gyaɗa, dillalin da sikelinsa ke cin tiya guda a kowane buhu.

To, shi ya saye shi. Babu wanda ya iya tayawa sama da shi. Ya shafa ƙarfen, ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Malam Iro, sai kaka ke nan. Ka kawo taka da wuri."

Na ce, "Allah ya kai mu." Ni da bakina!

Tuwon ma na kasa ci. Abin da ke cina shi ne, na san zan kai ɗin.