Amin Ɗin Baba

Talata, 9 ga wata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a shagon ɗinkin Baba.

Goggo,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya ƙafar taki? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ina cikin kwashe kayan shago fasto ya same ni. Ya ce Lahadi ta sama, a taron zumunta bayan sujada, ni zan ba da labarin Amin da Baba ya saba bayarwa, tunda ya rasu. Na amsa ban yi tunani ba.

Ga abin da na sani. Baba yana saurayi, wani dattijo ya ja addu'a har barci ya kwashe Baba. Goshinsa ya bugi bencin gaba, ya zabura ya ce "Amin!" da ƙarfi. Jama'a suka ɗauka an gama, suka miƙe, mawaƙa suka tayar da waƙa, dattijon kuwa ko kan addu'ar marasa lafiya bai kai ba.

Daga nan ban sani ba. Duk sanda Baba ya iso wurin nan sai in tashi in tafi wanke kofuna, don kunya nake ji, ubana yana kwaikwayon minshari gaban mutane. Bara har ce masa na yi a shekarar ba a sa benci a cocin ba. Ya ce, "To, Malama," ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Na tambayi mutum uku, ƙarshe uku suka ba ni. Wanne ne gaskiya? Ba na so in faɗi abin da bai faru ba a cikin coci. Kuma Goggo, tun jana'iza in an yi addu'a bakina ba ya iya cewa amin. Mama ma ba ta magana sai an tambaye ta.

Ki huta lafiya.
'Yarki.

*

Malama mai digiri,

Na gaishe ki. Ƙafa tana nan, ba ta gudu ba.

Uku kawai? Ni na ji sun fi yatsuna. Ina wurin ranar, amma ni ma barci nake, amin ɗinsa ne ya tashe ni. Zancen benci kuma, ke dai Allah ya shirye ki.

Ubanki ba ya yanke ƙarshen sai ya duba fuskoki, yadda yake gwada mutum kafin ya sa almakashi. In ya hango masu gaba da juna, sai dattijon labarin ya yafe masa a bakin ƙofa. Shekarar da ɗana ya rasu na daina zuwa sujada, da ƙyar aka jawo ni taron. Ranar sai dattijon ya ce, "Yaro, ba komai, sauran Allah ya ji tun ban faɗa ba." Na yi dariya har da majina. Lahadi kuwa na riga mai buɗe ƙofa zuwa.

Ya sha gaya mini akwai ƙarshen da ya ajiye miki, sai ranar da kika zauna kika saurara. Bai faɗa mini shi ba. Na so in ɓoye miki wannan, amma kin ce gaskiya kike so.

Ki gaishe da uwarki. Ubangiji ya riƙe ku.
Goggonki.

*

Lahadi da yamma.

Goggo,

Ina gaisuwa.

Na ba da labarin. Ban iya minsharin ba, ba wanda ya yi dariya. Da na iso inda nake tashi a da, sai na tsaya ina duba fuskoki, ban ga komai ba. Shiru ya yi tsawo.

Sai daga bencin baya Mama ta ce "Amin!" da muryar Baba sak. Coci ya kece da dariya, aka miƙe, mawaƙa suka tayar da waƙa. Na ji bakina ya amsa tare da kowa.

Abin da har yanzu ban sani ba:

Ko benci ne ko wani abu ya buga.
Abin da dattijon ya ce da gaske.
Ko Baba yana ganina in na tashi da kofuna.
Ƙarshen da ya ajiye mini.

A sa ni a addu'a, ko ta yi tsawo zan zauna.
'Yarki.