Hayaƙin Madafa da Irin Dawar Saratu

Kafanchan, daren Talata, Maris 1976

Barci ya ƙi zuwa, don haka na sake kunna fitila. Daga nan ina jin numfashin matata Saratu yana fita da ƙyar.

Yau na raka ta asibiti, inda wasu likitoci ke binciken ciwon fuka a tsakanin matan yankinmu. Suka sa ta hura iska cikin wani bututu, allurar ma'aunin ta ɗan motsa ta tsaya. Likitan ya tambayi inda take girki, na kwatanta masa madafarmu, ba taga, jinka ta yi baƙi ƙirin. Ya ce ba su tabbatar ba tukuna, amma hayaƙin itace suke zargi, gara ta koma girki a waje.

A hanyar gida ta ce, "Malam, likitan nan ya taɓa shuka dawa? In wuta ta bar ɗakin, wa zai kori ƙwari daga irin da na rataye? Ko bututunsa za mu shuka?"

Tana da gaskiya. Hayaƙin nan ke tsare mana iri har damina, haka ta tarar uwarta na yi a Kagoro. Amma kuma ƙirji ɗaya gare ta.

Gobe zan jera mata duwatsun murhu a gindin mangwaro. Wutar ɗakin kuwa ni zan riƙa hurawa safe da yamma, ko da dattawan ikilisiya za su yi mini dariya. Yadda zan faɗa mata ne ban samu ba har yanzu, domin ba ta taɓa barin namiji ya taɓa murhunta ba.