Goma Sha Ɗaya a Ƙarƙashin Gawo

Kanada, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Bushira, Maman Afra'u,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina gajiya, ina kewar juna? Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ki gaishe mini da mutanen Dutsi, har waɗanda suka manta da ni.

Nan ƙanƙara ce ke sauka tun safe, shiru, kamar ana sheƙar gero a sama. Nakan tsaya a taga har farin ya koma mini yashin hanyar Dogon Kiriya, in ga amalanke na tafe. Sai motar share titi ta wuce, in dawo hayyacina. Shekara huɗu ke nan, Bushira. Na gaji da ƙasar da maƙwabcinka ke gaishe ka da gira.

Amma ga albishir. Kin sha tambayata abin da nake yi, ina ce miki ba za ki gane ba; wannan rashin kunyata ne. Akwai wata jami'a da ɗalibanta ke karatu daga gida, ta waya. Ni kau ina binciken yadda za a gane mai satar amsa ba tare da an gan shi ba. Na koya wa ordinata, wato kwamfuta, ta duba lokaci, da wayar da aka yi aiki da ita, da kamannin amsoshi. Ba na ganin sunaye, lambobi kawai. A ƙasarmu ta kama ɗalibai goma sha ɗaya: waya ɗaya, wuri ɗaya, cikin awa ɗaya, har misalansu iri ɗaya. Malamata, Madam, ta tambaye ni sau uku ko na tabbata, tunda ni ne ɗan ƙasar. Na ce na san mutanena. An aika wa jami'ar.

A watan Mayu zan kare kundina na digirin dakta. Kafin shuka ina gida, in Allah ya so. Na sayi wa Afra'u riga shuɗiya. Ki ce mata babanta ba cikin waya yake zaune ba, yana da ƙafafu.

Mijinki,
Illo

Kanada, 14 ga Maris

Bushira,

Sallama da fatan kuna lafiya, ke da yarinyar da Inna.

Na saurari saƙonki har na haddace. Kin ce an dakatar da ƙanwarki Mardiyya daga karatu, an kira ta mai satar amsa, ita da wasu goma. Mardiyyar da nake tsokana da suna malamar lakwal, 'yar boko mai koyar da awaki, ta rama da cewa ni likita ne da ba ya iya warkar da ko mura. Ban ma san a jami'ar nan take ba. Ban taɓa tambaya ba.

Kin ce a ƙauyukansu babu rezo, waya ba ta kamawa, sai ranar kasuwa su taru su hau amalanke ɗaya zuwa Dogon Kiriya. Ɗaya na karanta darasi da ƙarfi a hanya, sauran na saurare, tunda takarda ɗaya suka samu bugawa. Sai Salman mai shago, wannan mai ɗan gemun, ya ara musu babbar wayarsa, su hau tudu, kowa ya shiga da lambarsa ya rubuta nasa, ya miƙa wa na gaba, su sauko kafin mai amalanke ya juya.

Bushira, na san tudun nan. Na san gawon da ke kansa. Muna yara ba mai raɓarsa, ana cewa doguwa ce ke zaune a ciki. Tsofaffi na ajiye mata nono a ƙoƙo. Kwana biyu nake ganinsa a mafarki, fari fat, takardu na rataye a rassansa suna kaɗawa. Ashe yanzu nan ne kawai rezo ke sauka.

Waɗancan goma sha ɗayan da na ba ki labari da alfahari, su ne. Ordinata ba ta yi ƙarya ba: waya ɗaya ce, wuri ɗaya ne. Ni ne na yi, da na ce na san mutanena. Na zauna a ɗaki mai ɗumi, na auna su da mudun yaran nan da kowa ke da na'urarsa a gefen gado.

Wannan kamu shi ne ginshiƙin kundina. In na cire shi, babu Mayu. In na yi shiru, ba wanda zai sani sai ke da ni. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kwana shida ina shiru. Kada ki gaya wa Mardiyya tukuna.

Naki,
Illo

Kanada, 20 ga Afrilu

Maman Afra'u,

Gaisuwa mai yawa. Ya zafin bazara? Allah ya kawo ruwa da wuri.

Na gaya wa Madam. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta tuna mini sau ukun nan, kuma gaskiyarta ne. Ranar ta rubuta wa jami'ar da hannunta, ta sa ni na sa hannu a ƙasa. Wani abokin aikina ya ce na yi wauta, wai da na kare kundin sannan in gyara. Yana iya faɗa; ba ƙanwar matarsa ce aka karanta sunanta gaban mutane ba.

An ɗage ni zuwa baɗi. Zan sake aikin daga tushe, a kan yadda mutane ke karatu da waya ɗaya. Raina ya ɓaci, ban san da wa zan yi fushi ba, duk inda na juya ni nake tararwa. Ke ce aka fi cuta, ke da ba ki taɓa wayar kowa ba. Ki yafe mini wannan damina.

Yanzu ki gaya wa Mardiyya komai, har da kwana shidan. In ta ce likitan mura ne ya yi, kada ki hana ta.

An mayar da goma sha ɗayan karatu. Ranar kasuwar da ta wuce na buɗe ordinata da hantsinku, na zauna ina jira. Lamba ta farko ta kunno, ta ɗauke. Ta biyu ta biyo. Wallahi sai na ji ƙarar amalanke da warin jaki, na ga inuwar gawo na motsi a kan zannuwansu. Na ƙirga su da yatsa. Ta goma sha ɗaya ta daɗe ba ta shigo ba, sannan ta zo. Na ce wannan Mardiyya ce, ta tsaya surutu.

Rigar Afra'u na ba Luƙman ɗan Matankari, zai taho ƙarshen wata. Kada ki ajiye ta sai na zo, kafin baɗi ta yi mata kaɗan. Ki sa mata, ki turo mini hoto.

Mijinki mai kewarki,
Illo