Tamfol ɗin da Ban Ɗaure Ba

Sabo, Ibadan
9 ga Yuni, 1961

Zuwa ga Yaya Manu, a Ɗantutture,

Gaisuwa mai yawa. Ina Baba da ƙafarsa? Ina Gogo da yara? Allah ya sa shuka ta tsira. Ni lafiya lau nake, har yanzu ina riƙe da motar maigidana.

Wancan makon aka ba ni zaɓin kayan da zan ɗauka zuwa Gusau: katako fam takwas, ba ruwansa da rufi, ko gishiri fam goma sha ɗaya, har da ladan rufa tamfol. Na zaɓi gishiri. Amma da na ga gari garau, ga gajiya, sai na ɗaure kusurwa huɗu kawai. Bayan na wuce garin Jebba hadari ya taso, iska ta yaye tamfol, buhu talatin suka narke.

Mai kayan wani dattijo ne, Alhaji Atiku. Bai zage ni ba, ya dai tambayi garinmu da sunan ubana. Da na faɗa, sai ya ce, "Ashe kai ɗan Alu mai baibaya ne? Ni mutumin Wurma ne. Ɗakin da ubanka ya baibaye mini, damina bakwai ko ɗigo bai yi ba."

Yaya, da ma marina ya yi.

Kada ka karanta wa Baba wannan wurin. Ka dai karɓo mini igiyar rama da ya tuƙa da hannunsa. In ya tambayi dalili, ka ce tawa ce ta tsinke.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Bilya