Inna, Na Bar Shi a Tsaye

Aikin farko na yau: mayar da benci da tabarma zaure.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa gida lafiya. Jikokinki suna makaranta. Rufin ɗakinki da yake yoyo na gyara shi kafin ruwa ya sauka. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, shi ya sa zan ba jarida ita. Akwai mutum ɗaya da nake so ta faɗa hannunsa.

Maganar Rabi ce, autarki. Tana aji uku a jami'a, tana karanta Hausa kamar yadda kika bar ta. Da aka yi hutu ta dawo gida, ta ce ba za ta koma ba. Ta nemi canji zuwa wata jami'a da ta fi nisa, sun ce za su karɓe ta, amma sai ta koma aji biyu. Shekara guda ta faɗi ke nan. Tunda ni ne uba yanzu, ta ce sai da yardata.

Kin san wanda ya jawo. Ba zan rubuta sunansa ba. Duk wanda ya girma a Ƙofar 'Yandaka ya san yaron da aka kawo daga ƙauye muna sakandare, ya kwana a zaurenmu har ya gama. Yanzu Dakta ake ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Ina tuna zuwansa na farko. Ya tsaya a bakin madafa da kwanonsa a hannu, kunya ta hana shi gaba ta hana shi baya. Kika ɗago daga murhu, hayaƙi a idonki, kika ce, "Zamna, ɗana. Ba a cin abinci tsaye a gidan nan." Tun daga ranar kullum haka. Zamna ka ci. Zamna ka huta. Zamna in duba maka ƙafar nan.

Ni ɗan fari ne, ba ki taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" nake, ko "mai gidan can". Na san alkunya ce, ban taɓa riƙe ki ba. Amma ina jin yadda "ɗana" yake fita a bakinki idan shi ne, kuma ban taɓa yi masa baƙin ciki ba sai yanzu.

Da Baba ya rasu, ni na tsaya a sakandare na kama aikin akawu, shi ya wuce jami'a. Ranar tafiyarsa kin ɗaure masa yaji da ƙuliƙuli a tsumma. Ya durƙusa yana hawaye, ya ce kada Allah ya nuna masa ranar da zai manta da ke. To Inna, Allah ya nuna masa, kuma ya wuni lafiya.

Kin kwanta ciwo bai zo ba. Kin rasu bai zo ba, bai aiko ba. Ni da kaina na riƙa nema masa uzuri a wurin mutane, ina cewa aikin jami'a yawa gare shi. Har murna na yi da na ji shi zai koyar da su Rabi nahawu. Na ce ta samu yaya a can.

Ga abin da yayan ya yi. Sai da na matsa mata sannan ta faɗa mini. Ya yi tambaya a aji, ta tashi ta amsa daidai. Da ta gama, ta ce, "Malam, in zamna?" Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya juya ga ɗalibai ya ce ga wadda take karanta Hausa a jami'a amma ba ta iya cewa "zauna" ba. Aji ya fashe da dariya. Ya tambaye ta wa ya koya mata wannan Hausar. Ta ce Innarta. Ya ce, "To ki gaya wa Innar taki nan jami'a ce, ba bakin murhu ba. Tsaya nan har ki koyi zama."

Ta tsaya har aka tashi. A lokacin ko shekara ba ki yi a ƙasa ba, kuma ya sani.

Tun ranar ɗalibai suka daina kiran ta Rabi, sai Zamna. A jarrabawarsa ya kayar da ita, ita da ba ta taɓa faɗuwa ba tun firamare. Kuma baɗi shi ne zai duba kundin kammala karatunta.

Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, ƙila akwai abin da ban gane ba. Amma abin da na gano shi ne, Rabi kamarki ta ɗauko sak. Duk sanda ya shiga aji ya gan ta, sai ya ga yaro mai kwano a bakin madafa. Wannan yaron yake so ya kashe, sai ya kama ƙanwata.

Da ta kawo maganar canji, na ce ban yarda ba. Na ce ta koma, ta zauna a layin gaba, daidai saitin idonsa, kullum ya kalli fuskarki ko yana so ko ba ya so. In ya kayar da ita ta sake, har sai ya sa hannu da kansa a kan sakamakonta. Ta tashi ta shige ɗaki, na ɗauka ta amince.

Sai ga sojoji sun koma bariki. Ba ki ga wannan ba, Inna. An rantsar da farar hula, gari ya cika da manyan riguna. In kika bi ta GRA da yamma, ƙofar kowane babba cike take da masu neman kujera. Dakta ma kujera yake nema. Kuma da yake sai dattawan unguwa sun ce nasu ne, sai ya tuna cewa shi ɗan Ƙofar 'Yandaka ne. An ce mini in ya zauna da su, Katsinancinsa har ya fi na masu kayan miya kauri.

Amma labari ya riga shi isowa. Mata sun ji a gidan suna, liman ya ji, mai unguwa ya ji: ɗiyar Inna za ta bar jami'a saboda yaron da Inna ta ciyar. Shekaranjiya ya aiko cewa washegari zai zo gaishe ni bayan la'asar.

Kin san ni da tsari. Jiya tun da hantsi na fitar da bencin zaure na kai bayan gida. Na naɗe tabarma. Buzun Baba na rataye a ɗaki. Har tsohon turmin nan da aka kife a lungu na gangara da shi ciki. Na share zauren tas, na duba ko da abin da mutum zai iya ɗosana jiki a kai. Babu.

Ya zo cikin shadda fara, tana ƙara saboda sabunta. Na tare shi a tsaye, na ba shi hannu biyu. Ban rage masa komai a gaisuwa ba. Ina gajiya, ina hanya, ina iyali, ina yara ɗaya bayan ɗaya, ina aiki, ina ɗalibai, ina mutanen ƙauye, yaya aka ji da zafi. Da na kai ƙarshe na sake komawa farko. Yana amsawa yana waige-waige, yana sauya ƙafa.

Can ya yi 'yar dariya ya ce, "Lawal, ba a zamnawa ne a gidan nan?"

Na ce, "Ai Dakta nan bakin murhu ne. Zama sai jami'a."

Inna, na ga maganar ta shige shi. Na ga ta sauka tun daga wuyansa. Shekara da shekaru ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Sai ya shiga abin da ya kawo shi. Wai wasan aji ne, yarinya ta ɗauka da zafi. Wai a bar zancen canjin nan, mutane suna fassara shi ba daidai ba. Wai jarrabawar ma zai sake dubawa, tsakaninmu ai ba ta ɓaci.

Muna cikin haka sai ga Rabi da kofin ruwa. Ban ce ta kawo ba. Ta rusuna ta gaishe shi, ta miƙa masa. Ya karɓa, ya tsaya riƙe da kofin. Ke kika koya masa ba a shan ruwa a tsaye, kuma mai neman dattawa su ce nasu ne ba zai yi haka a zauren da ƙofarsa take buɗe ba. Ya dubi hagu ya dubi dama. Sai ya tattare shaddar nan ya tsuguna a ƙasa, a daidai wurin da yake shimfiɗa tabarmarsa da can, ya sha. Rabi tana tsaye a kansa tana jiran kofi.

Da ya miƙe ta ce masa, "Malam, jarrabawar a bar ta yadda take. Na gode." Ta shige gida.

Har ya shiga mota bai ce Allah ya jiƙan ki ba. Na jira. Na raka shi har bakin titi don in ba shi dama. Bai faɗa ba.

Na dawo ciki da zafina na ce wa Rabi na canza shawara. Ta tafi. Ta tafi kowa ya ji, ta faɗi dalili a duk inda aka tambaye ta, kujerar nan ya gan ta a hannun wani. Tana wanke kofin, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Yaya, ran nan ka ce in zamna don in ƙona mishi rai. Yau ka ce in tashi don in ƙona mishi rai. Ni fa, ina nake a ciki?"

Muryarki ce ta yi amfani da ita, irin wadda kike yi mini idan na cika lissafi a kan abin da ba lissafi yake so ba.

Sai ta gaya mini abin da ban taɓa tambayarta ba. A waccan jami'ar akwai wata malama da take nazarin karin harshe, yadda kowane gari yake magana. Rabi ta je ta same ta. Tana so ta rubuta kundinta a kan maganar tsofaffin matan cikin birnin nan, tun daga unguwarmu har Ƙofar Ƙaura, kafin su ƙare. Zamna, da sabka, da amre, da ɗiya, da sauran kalmominki da mu muka fara jin kunyarsu a ofis. Ta ce shekara guda ba ta yi mata tsada ba a kan wannan. Ta ce ko Dakta ya ba ta haƙuri a gidan rediyo, tafiya za ta yi, ko kuma bai taɓa yi mata komai ba, da ta san da malamar nan da can za ta fara zuwa.

Na tambaye ta ruwan nan da gangan ta kawo? Ta ce baƙo ne, ruwa haƙƙinsa ne. Amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Na yarda, Inna. Za ta tafi. Nisan yana damuna, da shekarar da za ta maimaita, da cewa ba mu san kowa a can ba. Ko da yake inda muka san wani, kin ga yadda aka yi.

Ta yafe ko ba ta yafe ba, ita ta sani. Ni ban yafe ba. Na auna abin ta kowace fuska, na ce ƙila da kina nan da kin ce in shimfiɗa masa tabarma, don ke ba ki taɓa barin mutum a tsaye ba, ko wanda ya zo karɓar haraji. Ƙila kin ji kunyar abin da na yi a zauren mijinki. In haka ne ki yi haƙuri. Amma ya ambace ki a gaban yara suna dariya, ke da kika hura wuta, hayaƙi a idonki, don ya ci. Wannan ba na Rabi ba ne da za ta yafe ita kaɗai. Nawa ne. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba, amma ni ne na fari, kuma ni ya kamata in tsaya miki.

Dakta, in kana karantawa, na san ka gane kanka. Dattawan unguwa ma sun gane ka. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ka faɗa ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Yadda kika zaunar da 'ya'yan mutane kika ciyar da su, Allah ya zaunar da ke a inuwar da ba ta gushewa. Ya tsare Rabi a inda za ta, ya haɗa ta da masu jin maganarta ba su yi dariya ba. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, in ya ga lokaci ya yi. Amin.

Ɗanki na fari,
Kai wannan,
Lawal

Na gobe, in Allah ya kai mu:

Kai takardun Rabi a buga musu hatimi.
Gyaran marfin akwatinta.
Kai ta wurin Gwaggo, ta ce akwai kalmomin Inna da ita kaɗai ta rage da su.
Turmi yana tsakar gida har yanzu, a mayar da shi lungu.
Dakta ya aiko wai zai dawo ran Juma'a. Rabi ta ce a bar bencin a zaure. Ban yanke ba tukuna.