Sun Fito da Kai, Yaya Arzika

Zuwa ga yayana Arzika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Kulu. Na san ba a aika wa mutanen lahira takarda, amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, kuma kai ne mai ita.

Ina yarinya ranar da ka shiga haƙar rijiya a gonar Baba Gado, bakin hanyar Dumega, rairayi ya rufta da kai. Ka san farkon abin, ba ka san abin da aka yi a sama ba. Mutanen gari suka yi ta tono da fartanya da ƙorai da hannu, suna kwashewa yana komawa. Da yamma wani gefen ya sake zubowa, saura kaɗan ya tafi da masu tonon. Baba Gado da kansa ya ɗaga hannu yana kuka, ya ce a tsaya, kada a ƙara wasu a kanka. Aka yi maka salla a bakin ramin, aka cike shi. Inna ta aza jan dutse a wurin, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake bin hanyar nan ba.

To Yaya, Tibiri ta girma, gari ya cinye gonar. Gwamnati ta karɓi filin, ana gina wa 'yan sanda da 'yan kashe gobara wuri guda, ƙofa ɗaya, polis a dama, pompiye a hagu. Ni kuwa tun rasuwar maigidana shinkafa da wake nake sayarwa, sai na kai tukwanena can saboda ma'aikata. Na zaɓi inuwar wata aduwa inda nake hango dutsen Inna. Ban gaya wa kowa komai ba.

Wata safiya na tarar an kafa turaku an zagaye dutsen da igiya. Na tambaya, aka ce nan za a haƙa babban ramin ajiye ruwa wanda motar kashe gobara za ta riƙa ɗiba.

Tun daga ranar wurin ya fara danshi. Ana tsakiyar bazara, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, amma a nan rairayin baƙi ne, a jiƙe, ya yi da'ira daidai faɗin bakin rijiya. Magina suka ce ruwa ne a kusa. Jakin da ke kawo musu ruwa a amalanke kuwa, in ya iso wurin sai ya toge, ko an dake shi sai dai ya kewaya.

Ran nan rana ta take, an kashe injin kwaɓa siminti, kowa ya zauna cin abinci, wurin ya yi tsit. Akwai wani magini dattijo, mutumin Kiyeshe, bai san ni ba, bai taɓa jin sunanka ba. Ya kai loma bakinsa sai ya tsaya, ya karkata kai. Ya ce, "Mai abinci, wa ke ta cewa a ja? Tun jiya nike jin shi, kamar daga cikin tulu."

Ludayin hannuna ya faɗi cikin miya. Ni ce nake kai maka fura bakin aiki. Na san yadda kake yi in guga ya cika da ƙasa, ka ɗaga murya daga can ƙasa ka ce, "Ja!" na sama su ja.

Magana ta bazu. Wasu suka ce doguwa ce aka taɓa wa gida, a kira 'yan bori su ba ta abin da take so. Wasu suka ce a kira malamai. Leburori suka fara tattara kayansu. Sai na wanke hannuna na je wajen ɗan kwangila, na ce masa ba doguwa ba ce, yayana ne.

Bayan 'yan kwanaki babban 'yan kashe gobara ya zo daga Dogon Dutsi duba ginin. Aka ba shi labari. Ya je ya tsaya gaban dutsen, ya cire hularsa, ya daɗe. Sannan ya zo ya durƙusa kusa da murhuna ya ce, "Mama, aikinmu ke nan, hidda mutane daga rijiya. Mun makara ƙwarai. Amma in kin yarda, mu hiddo shi."

Malamai suka rabu. Wasu suka ce kabari ne, a bar shi. Wasu suka ce da a aza maka ruwa a ka, gara a mayar da kai cikin 'yan uwanka musulmi. Duk gidanmu ni kaɗai na rage, Yaya, ba wanda zan tambaya. Na ce a tono.

Sun zo da igiyoyi da ƙarafa, suna haƙa suna sauke zoben siminti don kada rairayi ya rufta. Na ɗauka aikin zai daɗe, don ka yi nisa ƙwarai kafin abin ya faru. Ba a jima ba suka fara fito da fasassun ƙorai da ƙotar fartanya, wato sun kai inda mutanen gari suka tsaya. Sai na ji wanda ke ciki ya daina haƙa.

Babban nasu ya tare ni da jikinsa don kada in leƙa. Na ture hannunsa.

Hannunka ne, Yaya, a miƙe sama, igiya naɗe a wuyan hannun. Tsakaninsa da ƙoran nan bai wuce kamu ɗaya ba. Daginka da guga kuwa, can ƙasa da nisa aka same su daga baya. Sun ce itatuwan da ka tokare bangon da su ne suka bar maka ɗan kogo. Ashe ba nan take ka tafi ba. Ashe hawowa kake, muna sama muna yi maka salla.

Mun yi maka sutura da farin likkafani, mun kwantar da kai kusa da Inna. Maginin Kiyeshe yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. An zuba siminti a ramin, ginin ya ci gaba, har an fara shafa fenti, gefe shuɗi, gefe ja.

Baba Gado yana nan da rai, ya makance, ba ya fita. Da na je gaishe shi sai ya laluba ya kama hannuna. Ya ce, "Kulu, hwaɗa mini gaskiya. Da nisa inda munka tsaya?"

Na ce, "Da nisa ƙwarai, Baba. Ko kwana kunka yi kuna tono, ba ku iske shi."

Ya sauke numfashi, ya yi hamdala, ya jingina da bango. Ka yafe mini, Yaya, na san kai ma abin da za ka gaya masa ke nan. Duk wanda ya karanta wannan kuwa, in ɗan garinmu ne, na ba shi amana, kada maganar ta kai kunnen tsohon nan.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata maka makwancinka, ya sanya maka haske da sanyi a ciki. Allah ya jiƙan Inna. Wannan karon a kwance kake, yayana, fuskarka na duban gabas. Ka huta.

Ƙanwarka,
Kulu